John Logie Baird (1888-1946): Mutumin da Ya Fara Nuna Hoto Mai Launi a Talabijin

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya leƙa shagon mai gyaran rediyo da talabijin a Ringim ko Dutse, ba wuya ya tarar da tsofaffin akwatunan talabijin masu ƙatuwar ƙeya jibge a lungu, ƙura ta rufe su, suna jiran 'yan gwangwan. Kaɗan ne ke tuna cewa hoto mai launin da waɗannan akwatuna suka riƙa nunawa yana da tarihi, kuma akwai wanda ya ƙarar da lafiyarsa da dukiyarsa a kansa. Wannan mutum shi ne John Logie Baird. Wannan babi zai bi rayuwarsa, ya kuma nuna yadda 'yan kayan aikinsa da suka tsira suka zama shaida a kan abin da ya yi.

2.0 Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi Baird ranar 13 ga Agusta, 1888, a garin Helensburgh na ƙasar Sikotland. Mahaifinsa limamin coci ne, shi kuwa shi ne auta cikin 'ya'ya huɗu. Tun yana ƙarami yake fama da ciwon ƙirji da yawan mura, amma hakan bai hana shi ƙiriniyar ƙere-ƙere ba, domin yana yaro ya ja wayar tarho tsakanin gidansu da gidajen abokansa. Ya yi karatun injiniya a kwalejin fasaha ta birnin Glasgow, sannan ya shiga jami'ar birnin, sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse masa karatu. Ya nemi shiga soja, aka ƙi ɗaukarsa saboda rashin ƙoshin lafiya.

Bayan ya yi aiki da wani kamfanin wutar lantarki, sai ya koma kasuwanci. Ya sayar da safa, ya je tsibirin Trinidad ya gwada sana'ar sarrafa 'ya'yan itatuwa, ya dawo Landan ya taɓa cinikin sabulu. Babu wadda ta zaunar da shi. A shekarar 1923 ya koma garin Hastings da ke bakin teku domin jinya, ga rashin lafiya ga talauci.

3.0 Daga Tarkace Zuwa Talabijin

A Hastings ne ya duƙufa kan neman hanyar aika hoto mai motsi daga wani wuri zuwa wani. Da yake ba shi da kuɗi, sai ya haɗa na'urarsa ta farko da tarkace: akwatin shayi, da kwalin hula, da alluran saƙa, da gilasan fitilar keke, da danƙo. Ya dogara ne kan dabarar wani Bajamushe mai suna Paul Nipkow ta shekarar 1884, wato faifai wanda aka huda masa ƙananan ƙofofi a jere kamar naɗin gammo. Idan faifan yana juyawa, kowace ƙofa takan share layi guda na abin da ake son nunawa, hasken ya faɗa kan na'urar da ke mayar da haske wutar lantarki. A wajen mai kallo kuma akwai wani faifan irinsa, da fitila a bayansa tana ƙara haske tana ragewa. Saboda saurin juyawar, idon mutum yakan haɗa layukan ya ga hoto guda.

A shekarar 1924 wutar lantarki ta ja shi har ta ƙona masa hannu, mai gidan da yake haya ya ba shi sallama. Sai ya koma wani ɗan ɗaki a titin Frith a Landan. A nan ne, ranar 2 ga Oktoba, 1925, ya samu hoton kan wata 'yar tsana da ya laƙaba wa suna Stooky Bill ya fito da haske da inuwarsa. Nan take ya kira wani saurayi ma'aikacin ofis, William Taynton, ya zaunar da shi gaban na'urar, fuskarsa ta fito. Ranar 26 ga Janairu, 1926, ya nuna wannan aiki ga masanan cibiyar Royal Institution da wakilin jaridar The Times. A 1927 ya aika hoto daga Landan zuwa Glasgow ta wayar tarho, a watan Fabrairu na 1928 kuma hotonsa ya ƙetare tekun Atlantika zuwa Amurka.

4.0 Hoto Mai Launi

Tun baƙi-da-fari bai kankama ba Baird ya hango launi. Ya san cewa idan aka gauraya hasken ja da kore da shuɗi, ana iya samun kusan kowane launi da ido ke gani. Don haka ya yi faifai mai jerin ƙofofi uku, ya rufe kowane jeri da matacin haske mai launi guda. Faifan kan aika hoton ja, sannan kore, sannan shuɗi, ɗaya bayan ɗaya cikin sauri, ido kuma ya gauraya su. Ranar 3 ga Yuli, 1928, ya nuna wannan a Landan, inda aka ga furanni da jajayen 'ya'yan itace da launinsu. Hoton ƙarami ne ƙwarai, kuma yana rawa, amma shi ne karo na farko da aka nuna launi a talabijin. Har yau a kan waɗannan launuka uku fuskar talabijin da ta wayar hannu suke aiki.

Gidan BBC ya fara watsa shirye-shirye da tsarin Baird mai layi 30 a 1929, kuma a 1930 aka fara sayar da akwatinsa mai suna Televisor. A 1931 ya auri Margaret Albu, makaɗiyar fiyano daga Afirka ta Kudu, suka haifi 'ya'ya biyu.

5.0 Faɗuwa da Juriya

Dabarar faifai tana da iyaka, domin ba ta iya ba da layuka masu yawa, alhali yawan layi shi ke kawo kyan hoto. Ranar 2 ga Nuwamba, 1936, BBC ya fara gwada tsari biyu kafaɗa da kafaɗa: na kamfanin Baird mai layi 240, da na Marconi-EMI mai layi 405 wanda lantarki ne zalla. Ana wata ga wata, ranar 30 ga wannan wata gobara ta cinye ginin Crystal Palace, inda ɗakunan binciken kamfanin Baird suke, kayan aiki da takardu masu yawa suka ƙone. A watan Fabrairu na 1937 BBC ya ajiye tsarin Baird. Da yaƙi ya ɓarke a 1939 aka rufe talabijin a Birtaniya, kamfanin da ke ɗauke da sunansa kuma ya durƙushe.

Duk da haka bai karaya ba. Ya kai iyalinsa yankin Cornwall saboda ruwan bama-bamai, shi kuwa ya ci gaba da bincike a gidansa na Sydenham, yana kashe ɗan abin da ya tara. A ƙarshen 1940 ya nuna hoto mai launi mai layi 600. Ranar 16 ga Agusta, 1944, ya nuna kwalbar hoto da ya kira Telechrome, wadda ba ta da faifai ko wani abu mai juyawa. A tsakiyarta akwai siririn allo mai sheƙi, gefe ɗaya an shafe shi da sinadari mai ba da jan haske, ɗaya gefen mai ba da shuɗi-kore, kowane gefe da bindigar lantarki da ke zana masa hoto. Ita ce kwalbar hoto mai launi ta farko da aka nuna tana aiki da lantarki zalla.

Bai ga amfanin wannan wahala ba. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi a farkon 1946, ya rasu ranar 14 ga Yuni na shekarar a garin Bexhill yana da shekara 57, mako guda bayan BBC ya sake buɗe talabijin. An binne shi a Helensburgh.

6.0 Abin da Ya Biyo Baya

A Amurka aka fara sayar da akwatuna masu launi na lantarki zalla a 1954, ciki har da CT-100 na kamfanin RCA, wanda kuɗinsa ya kai dala 1,000. BBC bai fara shirye-shirye masu launi ba sai a 1967. A Nijeriya an buɗe gidan talabijin na farko a Ibadan a 1959, na Kaduna a 1962 zamanin Sardauna, sannan gidan talabijin na Jos ya fara nuna launi a tsakiyar shekarun 1970. Gidan CTV na Kano ya zo a farkon shekarun 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, lokacin Ringim tana cikin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991.

Shekaru da dama ana yi wa Baird kallon mai faifan da aka kayar kawai. Masu tattara tsofaffin kaya da gyara su ne suka taimaka wajen sauya wannan kallo. A 1927 da 1928 ya naɗi hoto a kan faifan garmaho, dabarar da ya kira Phonovision, amma bai iya maido da hoton yadda ya kamata ba. A shekarun 1980 wani injiniya, Donald McLean, ya bi 'yan faya-fayan da suka rage, ya tace su da kwamfuta, fuskokin da aka naɗa fiye da shekara hamsin baya suka bayyana. Stooky Bill da kwalbar Telechrome da ta tsira suna gidan adana kayan tarihi na birnin Bradford. A garin Hilliard na Jihar Ohio kuma akwai gidan da aka keɓe domin tsofaffin akwatunan talabijin, inda ake gyara su har su sake nuna hoto.

7.0 Kammalawa

Rayuwar Baird ta nuna cewa wanda ya share hanya ba lallai ne ya ci ribarta ba. Ta kuma nuna cewa tarihi ba a takarda kaɗai yake ba, domin da faya-fayan nan da kwalbar nan sun bi sahun abin da gobara ta cinye, da hujja mai yawa ta salwanta. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Akwatunan da suka fara kawo hoto mai launi gidajen ƙasar Hausa, da kaset-kaset na wasannin kwaikwayon da aka nuna a cikinsu, su ma kayan tarihi ne, kuma duk wanda ya shiga buhun 'yan gwangwan ba ya dawowa.

Tambayoyi

1. Bayyana yadda Baird ya samar da hoto mai launi a 1928.
2. Waɗanne abubuwa ne suka jawo faɗuwar tsarinsa a 1936 da 1937?
3. Kawo kayayyakin zamani uku a garinku da suka cancanci a adana su, tare da dalili.