Sigmund Freud, likitan da ya maida saurare magani

An haifi Sigmund Freud ran 6 ga Mayu 1856 a garin Freiberg. Ubansa Bayahude ne, ɗan kasuwar ulu. Da jari ya karye, sai ya kwashi iyali zuwa birnin Biyena, inda yaron ya gama karatun likita a 1881.

Akan kawo masa masu shanyewar hannu ko ɗaukewar murya, a duba jiki ba a ga komi ba. Sai ya kwantar da mutum bisa doguwar kujera, ya zauna ta bayan kansa, ya bar shi ya faɗi duk abin da ya zo bakinsa, har mafarki. A ganinsa, abin da mutum ya binne tun ƙuruciya shi ke dawowa cikin halinsa: rigima iri guda da kowane miji, ko da kowane abokin ciniki. Likitocin yau sun yi watsi da bayanansa da dama, musamman kan mata, amma zaman sauraren ya ɗore.

Littafinsa na fassarar mafarki, na 1899, kwantai ya yi: guda 600 aka buga, sai da suka shekara 8 kafin su ƙare.

Shi kansa taba ta gagare shi bari, wajen kara 20 a wuni. Ciwon daji ya kama muƙamuƙinsa a 1923, aka yi masa aiki fiye da sau 30, bai daina sha ba. A 1938 ya tsere wa ƴan Nazi zuwa Landan, ya mutu can ran 23 ga Satumba 1939. Ƙannensa mata 4 da suka rage a Biyena sun halaka a sansanonin Nazi.