Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa da ya sa rana aiki

A Nijar kowa ya san zafin rana, amma ba kowa ya san mutumin da ya ɗauki wannan zafi a matsayin dukiya ba. An haifi Abdou Moumouni Dioffo a Tasawa, cikin jihar Maraɗi ta yanzu, ranar 26 ga Yunin 1929. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, ya wuce Paris, inda a 1956 ya ci jarrabawar agregasiyo ta kimiyyar fizik, abin da ƴan Afirka ƙalilan suka kai gare shi a zamanin mulkin mallaka.

Da irin wannan takarda zai iya zama a Faransa ya huta. Sai ya koma aji. Ya koyar a Dakar, kuma lokacin da Gine ta ce a'a ga Faransa a 1958, Turawa suka kwashe malamansu, yana cikin waɗanda suka tafi Konakiri don kada makarantu su mutu. Daga baya ya zurfafa bincike kan makamashin rana a Tarayyar Sobiyet, ya kafa ɗakin binciken rana a Bamako.

A 1969 ya dawo gida ya riƙi ragamar ONERSOL a Yamai. Nan aka ga irin malamin da yake. Lissafin zafi bai tsaya a kan allo ba: ƙarfe mai baƙin fenti ya sha rana, gilashi ya tsare zafin a ciki, ruwa ya bi bututu ya fito da ɗumi. Da hannu aka ƙera injinan ɗuma ruwa, da na tace shi, da murhun dafuwa da ba ya cin itace ko ɗaya, a ƙasar da Hamada ke matsowa kowace shekara.

Tun 1964, a littafinsa kan tarbiyya a Afirka, ya soki makarantar da ke raba yaro da harshen uwa da aikin hannu. Maganar tana nan ba ta tsufa ba.

Ya shugabanci jami'ar Yamai daga 1979. Ya rasu a Yamai ranar 7 ga Afrilun 1991, shekara guda bayan nan aka raɗa wa jami'ar sunansa.