Farfesa Adeoye Lambo, likitan da ya mayar da ƙauye asibitin masu taɓin hankali

An haifi Thomas Adeoye Lambo a Abeokuta ranar 29 ga Maris, 1923. Ya yi karatun likita a Jami'ar Birmingham da ke Ingila, sannan ya ƙware a fannin cututtukan ƙwaƙwalwa a Asibitin Maudsley na Landan. A wancan zamani gidajen mahaukata na gwamnatin mulkin mallaka, irin na Yaba da Kalaba, sun fi kama da kurkuku, domin tsare marar lafiya suka sa a gaba.

A shekarar 1954 ya dawo gida aka damƙa masa ragamar asibitin Aro da ke gefen Abeokuta, alhali ginin bai kammala ba. Maimakon ya zauna jiran ɗakunan kwanciya, sai ya nemi mutanen ƙauyukan da ke kewaye su ba majinyata masauki a gidajensu, ana biyansu kuɗin haya. Kowane majinyaci yakan zo da ɗan'uwansa, galibi uwa ko 'yar'uwa, mai dafa masa abinci da kula da shi. Da rana ya je asibiti karɓar magani, da yamma ya koma cikin jama'a. Lambo ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin, saboda su ne mutane suka saba kai wa kukansu.

Tsarin ya rage tsadar jinya, ya kuma sauƙaƙa wa wanda ya warke komawa cikin danginsa ba tare da tsangwama ba. Sunan Aro ya kai ƙasashen duniya, har aka gudanar da taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a Abeokuta a 1961. Lambo ya shugabanci Jami'ar Ibadan daga 1968 zuwa 1971, kafin ya koma Hukumar Lafiya ta Duniya, inda ya kai matsayin Mataimakin Babban Darakta, ya riƙe shi har 1988. Ya rasu ranar 13 ga Maris, 2004.

Darasin Aro ya shafi garuruwa irin Tambuwal da Kebbe a kudancin Jihar Sakkwato. Iyalin da dattijonsu ya kamu da gigin tsufa ko ciwon damuwa sai sun yi doguwar tafiya, sun wuce birnin Sakkwato, kafin su isa asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Kware. Tsoho kuwa yakan ƙara rikicewa idan aka raba shi da ɗakinsa da fuskokin da ya sani.

A 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tabbatar wa majinyata haƙƙinsu. Abin da ya rage shi ne wanda Lambo ya fara a Aro: kai magani kusa da gida, da horar da dangi su zama abokan aikin likita.