ZAINUDDIN AL-AMIDI: MAKAHON DA YA MAYAR DA HARUFFA ABIN TAƁAWA

Yau ina so in kawo muku tarihin wani malami da ba kasafai ake ambatonsa ba, Aliyu ɗan Ahmad, wanda aka fi sani da Zainuddin Al-Amidi. Danginsa mutanen Amid ne, garin da ake kira Diyarbakir a Turkiyya ta yau, amma a Bagadaza ya rayu. Ɗan mazhabar Hambaliyya ne, ya shahara da fassarar mafarki, kuma tun yana ƙarami ya makance.

To ga abin mamaki, sana'arsa cinikin littattafai! Makaho da tarin littattafai, yaya zai tuna nawa ya sayi kowanne? Idan ya sayi littafi sai ya ɗauki siririyar takarda ya murɗa ta, ya lanƙwasa ta yi siffar harafi bisa lissafin abajada, inda alifi yake 1, ya'u 10, ƙafu 100. Littafin dirhami 25, misali, kafu da ha'u ke nan. Sai ya liƙa a cikin bango, ya ɗora wata takardar a kai don kada ya ɓare. Duk ran da ya mance kuɗin, ya kai yatsa ya shafa, shi ke nan.

Safadi ya kawo wannan a littafinsa Naktul Himyan, wanda ya tara tarihin makafi. Ya ce yakan shafa shafi ya faɗi yawan layukansa. Da sarkin Mongol Gazan ya ziyarci makarantar Mustansiriyya a shekara ta 695 Hijira, ya kama hannun malamin, sai ya gane shi, ya yi masa addu'a da Mongolanci, Turkanci, Farisanci, Rumanci da Larabci.

Ina ganin wasu na yaɗawa wai shi ya ƙirƙiro rubutun makafi. Gaskiya mu yi adalci. Nasa alamar farashi ce da ya yi don amfanin kansa. Rubutun ɗigo shida da ake karanta littafi sukutum da shi, har da Alƙur'ani, aikin Luwis Birel ne na Faransa, wanda ya fitar a 1829. Amma tunanin a karanta harafi da yatsa, Al-Amidi ya riga shi da shekara kusan 500.

Ya rasu bayan shekara ta 712 Hijira. Allah Ya jiƙansa da rahama.