Shehu Musa 'Yar'aduwa: Attajirin da ya yanke wa mulkin soja wa'adi

A ranar 8 ga Disamba, 1997, Allah Ya yi wa Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, Tafidan Katsina, rasuwa yana tsare a kurkukun Abakaliki da ke Jihar Ebonyi. Shekarunsa 54. Mutumin da ya taɓa zama na biyu a gwamnatin ƙasar nan, mai hannun jari a banki da jiragen ruwa da gidan jarida, ya cika ne a hannun gandirobobi, nesa da iyalinsa. Da ya so, da ya zauna cikin dukiyarsa ya yi shiru kamar yadda takwarorinsa da dama suka yi. Sai ya zaɓi ya matsa wa sojoji lamba su faɗi ranar da za su sauka, kuma wannan zaɓi ne ya ci dukiyarsa da 'yancinsa, daga ƙarshe har da ransa.

An haife shi a birnin Katsina ranar 5 ga Maris, 1943. Mahaifinsa, Malam Musa 'Yar'aduwa, Matawallen Katsina, malamin makaranta ne wanda ya zama Ministan Harkokin Legas a gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shehu ya yi karatu a Sakandaren Lardi ta Katsina, inda suka zauna aji ɗaya da Muhammadu Buhari. A 1962 ya shiga aikin soja, ya sami horo a Kaduna, sannan aka tura shi makarantar hafsoshi ta Sandhurst da ke Ingila, ya dawo gida a 1964. Ya yi yaƙin basasa a ƙarƙashin Murtala Muhammad, kuma yana cikin kwamandojin da suka kama Onica a 1968.

Yana cikin matasan hafsoshin da suka kifar da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ranar 29 ga Yuli, 1975. Murtala ya naɗa shi Kwamishinan Sufuri na Tarayya, ya kuma ɗora masa nauyin da ya gagari kowa a lokacin, wato cunkoson tashar jiragen ruwa ta Legas. Gwamnatin da ta gabata ta yi odar siminti miliyoyin tan, adadin da ya fi ƙarfin tashar Apapa nesa ba kusa ba. Ɗaruruwan jirage suka yi layi a teku wata da watanni, gwamnati tana biyan tarar jinkiri kullum, siminti yana daskarewa a cikin jirage, kayan 'yan kasuwa kuma sun maƙale a baya. Aka soke wasu kwangiloli, aka hanzarta sauke kaya, daga baya kuma aka gina tashar Tin Can wadda aka buɗe a 1977. Sanin da ya yi wa harkar tashar ruwa a wannan aiki ya yi masa rana bayan ya tuɓe kaki.

Da aka kashe Murtala ranar 13 ga Fabrairu, 1976, Janar Olusegun Obasanjo ya hau mulki, aka ɗaga Shehu daga laftanar-kanar kai tsaye zuwa birgediya, aka ba shi kujerar Babban Hafsan Hedikwatar Ƙoli ta Soja. Ya zama na biyu a ƙasa yana da shekara 32. A ƙarƙashin ofishinsa aka yi garambawul ɗin ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya kawar da tsarin En'e ya mayar da ƙaramar hukuma mataki na uku na gwamnati, tsarin da ƙananan hukumomi irin su Gwarzo da Kabo ke gudana a kai har yau. Ranar 1 ga Oktoba, 1979, shi da Obasanjo suka miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari, ya yi ritaya yana da shekara 36.

Daga nan ya rungumi kasuwanci gadan-gadan. Yana cikin waɗanda suka kafa Bankin Habib na Najeriya, ya kuma shugabanci hukumar daraktocinsa. Ya haɗa jari da Cif Moshood Abiola, wanda ya tara dukiyarsa a kamfanin sadarwa na ITT mai kwangilolin wayar tarho na gwamnati, suka kafa kamfanin jiragen ruwa na Africa Ocean Lines. Ya shiga kamfanin NICOTES mai hada-hadar kaya a tashoshin ruwa tare da Atiku Abubakar, ya zuba jari a noma, ya kuma kafa jaridar The Reporter a Kaduna. Duk waɗannan sana'o'i suna da hali ɗaya: rayuwarsu tana hannun hukuma. Banki sai da lasisi, jirgin ruwa sai da izinin tasha, jarida kuwa dokar soja guda ɗaya ta isa a garƙame ta. Mai irin wannan dukiya idan ya yi gaba da mai mulki, makamin da za a yaƙe shi da shi yana cikin aljihunsa. Ba a Najeriya kaɗai ba, ko a Rasha an ga haka a 2003, lokacin da aka kama attajirin nan Mikhail Khodorkovsky, wanda ya faro daga cinikin kwamfuta, bayan ya fara tallafa wa 'yan adawa. Ya shekara goma a ɗaure, kamfaninsa na mai kuma ya wargaje.

Duk da sanin wannan haɗari, da Janar Ibrahim Babangida ya buɗe ƙofar siyasa, Shehu ya kafa ƙungiyar PFN a 1989. Ya tafiyar da ita yadda babban ɗan kasuwa ke tafiyar da rassansa: wakili a kowace jiha, wakili a kowace ƙaramar hukuma, har zuwa mazaɓa, kowa da lissafin mutanen da ke hannunsa. Ya jawo Atiku Abubakar da Babagana Kingibe daga Arewa maso Gabas, Chuba Okadigbo daga ƙasar Ibo, Bola Tinubu da Lamidi Adedibu daga ƙasar Yarbawa, a Kano kuma akwai irin su Injiniya Magaji Abdullahi da Rabi'u Musa Kwankwaso. A watan Oktoban wannan shekara Babangida ya ƙi yi wa kowace ƙungiya rajista, ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu, SDP da NRC. Mutanen Tafida suka shige SDP, ba da jimawa ba suka zama ɓangaren da ya fi ƙarfi a cikinta.

A zaɓen fitar da gwani na 1992 Shehu ya yi wa abokan takararsa fintinkau, har ya kayar da Alhaji Lateef Jakande a Legas, jihar da Jakanden ya mulka. Samun ɗan Katsina da zai yi haka a tsakiyar ƙasar Yarbawa abu ne da ba a saba gani ba. Amma abokan hamayyarsa sun yi zargin an yi amfani da kuɗi da maguɗi, kuma da wannan hujja Babangida ya soke zaɓen, ya haramta wa dukkan 'yan takara 23 na jam'iyyun biyu sake tsayawa. A 1993 gwamnati ta rufe jaridarsa.

A babban taron SDP na Jos, cikin Maris 1993, ya sa Atiku ya janye wa Abiola, abin da ya ba Abiolan tikiti. Ranar 12 ga Yuni Abiola ya kayar da Alhaji Bashir Tofa, har a Jihar Kano, sai soja suka soke zaɓen. A nan ne tarihin Shehu ya sami tabon da masu sukarsa ke nunawa har gobe. Ɓangarensa, wanda ke riƙe da shugabancin jam'iyyar ta hannun Cif Tony Anenih, ya amince da gwamnatin riƙon ƙwarya ta Cif Ernest Shonekan maimakon ya kafe a kan nasarar 12 ga Yuni. Magoya bayansa sun ce dabara ce ta fitar da Babangida ba tare da zubar da jini ba. Masu sukarsa kuwa sun ce ciniki ya yi, yana hangen sabon zaɓen da shi kansa zai tsaya. Ko wanne ne gaskiya, lissafin bai fita ba, domin ranar 17 ga Nuwamba, 1993, Janar Sani Abacha ya ture Shonekan ya rushe jam'iyyun gaba ɗaya.

Abacha ya kira taron tsara tsarin mulki a watan Yunin 1994, Shehu ya ci zaɓen wakilci daga Katsina, ya kuma tattara mutanensa a ƙarƙashin ƙungiyar PDM. An yi zaton taron zai zama ɗan amshin shata. Sai ga shi a watan Disamba ya zartar da ƙudurin cewa soja su bar mulki ranar 1 ga Janairu, 1996, kuma kowa ya san hannun da ya haɗa ƙuri'un. Cikin Maris 1995 aka kama Shehu, bayan 'yan kwanaki aka kama Obasanjo, aka tuhume su da shirya juyin mulki. Yana tsare taron ya janye wa'adin da ya yanke. Kotun soja ta musamman ƙarƙashin Birgediya Patrick Aziza ta zauna a asirce ta yanke masa hukuncin kisa, wanda aka sassauta zuwa ɗauri mai tsawo a watan Oktoba bayan ƙasashen duniya sun yi ca. Gwamnati ta kuma ƙwace ikon kamfanin NICOTES. Bai fito daga wannan ɗauri ba sai gawarsa, wadda aka kai Katsina aka yi mata sutura. Zargin cewa an yi masa allurar da ta halaka shi ya yaɗu ƙwarai, har aka tayar da shi a gaban Hukumar Oputa da aka kafa a 1999.

Wata shida cif bayan rasuwarsa, ranar 8 ga Yuni, 1998, Abacha ya rasu. Ranar 7 ga Yuli abokin cinikinsa Abiola ya cika a tsare. Ƙungiyar PDM ta zama ɗaya daga cikin ginshiƙan jam'iyyar PDP, kuma a 1999 abokin ɗaurinsa Obasanjo ya zama shugaban ƙasa, yaronsa na siyasa Atiku ya zama mataimaki, ƙaninsa Umaru Musa 'Yar'aduwa ya zama Gwamnan Katsina kafin ya hau kujerar shugaban ƙasa a 2007. Hanyar da ya share wasu ne suka bi ta. A Abuja akwai cibiyar taro da ke ɗauke da sunansa.

Shehu ya shiga juyin mulki yana matashi, ya miƙa mulki ga farar hula yana ɗan shekara 36, ya yi cinikin siyasa da har yau ake muhawara a kansa, sannan ya rasa komai saboda ya nemi soja su koma bariki. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa.