Ibnun Nafis: Likitan da Malaminsa Ya Koya wa Bincike

Ala'uddin Aliyu ɗan Abil Hazmi, wanda muka fi sani da Ibnun Nafis, ya yi karatunsa a Dimashƙa a farkon ƙarni na 7 na Hijira. Mukan yawaita ambaton abin da ya gano, mu manta da wanda ya rene shi. Malaminsa Muhazzabuddin Ad-Dakhwar yakan zaga marasa lafiya a asibitin Nuri da hantsi, ɗalibai na biye da shi, sannan ya koma gida a buɗe littattafai. Ɗalibi na karantawa, shi yana riƙe da nasa kwafin, yana gyara kuskure, yana tattauna mas'ala da kowa gwargwadon fahimtarsa. Daga baya ma ya yi waƙafin gidan ya zama makarantar likitanci.

Da wannan tarbiyya Ibnun Nafis ya koma Alƙahira, yana duba marasa lafiya, yana kuma karantar da fiƙihun Shafi'iyya. A sharhin da ya yi wa littafin Alƙanun na Ibnu Sina, ya ƙi yarda da abin da aka gada tun daga Jalinus, cewa jini na ratsa wasu kafofi a bangon da ya raba zuciya biyu. Ya tabbatar da cewa bangon a toshe yake, jinin sai ya bi ta huhu ya cuɗanya da iska kafin ya iso ɓangaren hagu. Saɓa wa Ibnu Sina a wancan zamani ba ƙaramin abu ba ne.

Ya rasu a shekara ta 687 Hijira, daidai da 1288 Miladiyya, bayan ya yi waƙafin gidansa da littattafansa ga asibitin Mansuri. Allah Ya jiƙansa.