Seymour Cray, injiniyan da ya fara da transistocin da aka yasar

Wayar salula da ke aljihun matashi a Maraɗi ko Damagaram tana ɗauke da biliyoyin transista, waɗannan ƴan mitsitsin makunnai da ke buɗe wa lantarki hanya su kuma rufe. Akwai lokacin da ake ƙirga su ɗaya-ɗaya, ana lanƙaya su da hannu, kuma a wancan zamani ba wanda ya fi Seymour Cray iya sarrafa su.

An haife shi ranar 28 ga Satumba 1925 a Chippewa Falls, wani ƙaramin gari na jihar Wiskonsin a Amurka. Mahaifinsa injiniyan gine-gine ne. Ya yi aikin soja a sashen rediyo lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sannan ya karanci lantarki da lissafi a jami'ar Minesota, ya kammala digiri na biyu a 1951. Ya kama aiki a kamfanin ERA da ke birnin Saint Paul, inda ake ƙera kwamfutoci da ƙwayayen gilashi irin na tsofaffin rediyo. Ƙwayayen nan suna shan wuta, suna zafi, suna kuma ƙonewa a kai a kai.

Ba Cray ne ya ƙirƙiro transista ba. An gano ta a ɗakin binciken Bell a 1947, kuma jami'ar Manchesta ta Ingila ta kunna kwamfutar gwaji mai aiki da ita tun 1953. Abin da ya rage shi ne a nuna cewa za ta iya ɗaukar babbar na'ura ta sayarwa.

Damar ta zo a 1957, da William Norris da abokansa suka kafa kamfanin Control Data, Cray kuma ya bi su. Kuɗi ba su da yawa, don haka ya riƙa sayen transistocin da masana'antu suka ware a matsayin marasa inganci, da araha, ya tsara da'irorinsa yadda za su jure wa raunin kayan. Da wannan dabara aka kai ga CDC 1604, wadda aka miƙa ta farko ga wata makarantar sojan ruwa a Monterey ta Kalifoniya a 1960.

Nasara ta jawo masa abin da ya fi tsana: tarurruka da baƙi. A 1962 ya sa kamfanin ya gina masa ɗakin aiki a garinsu, nesa da shugabanni. A can, da fensir da takarda, ya tsara CDC 6600 da ta fito a 1964. Tana da transista kimanin 400,000, na silikon maimakon jamaniyom. Ya ba ƙananan na'urori 10 aikin shigar da bayanai da fitar da su, ya bar babbar da lissafi zalla. Ya cusa kayan kusa da juna don wayoyi su gajarta, tunda tsawon waya ɓata lokaci ne. Cunkoson ya haifar da zafi, sai aka zagaya na'urar da iskar Freon irin ta firigo. Duk wanda wayarsa ta taɓa ɗaukewa a zafin watan Afrilu ya san wannan abokin gaba.

Na'urar ta ninka saurin Stretch ta IBM wajen sau uku. Shugaban IBM, Thomas Watson ƙarami, ya rubuta wa manyan ma'aikatansa takarda yana neman sanin yadda mutum 34, har da mai shara, suka doke katafaren kamfaninsa. Ba a samu wadda ta fi 6600 sauri ba sai a 1969, kuma ita ma, CDC 7600, Cray ne ya tsara ta.

A 1972 ya kafa kamfaninsa, Cray Research. Na'urar Cray-1, wadda aka kai ɗakin binciken Los Alamos a 1976, ta sa sunansa ya zama laƙabin manyan kwamfutoci. Masu hasashen yanayi da masu ƙera makaman nukiliya su ne manyan masu saye, abin da bai kamata a manta ba idan ana yabonsa.

Ƙarshen bai yi daɗi ba. Ya dage kan wani sabon sinadari mai wuyar sarrafawa don ƙera Cray-3, alhali duniya ta karkata ga haɗa ɗimbin ƙananan na'urori masu araha, ga shi kuma Yaƙin Cacar Baka ya ƙare, kasafin soja ya ragu. Guda ɗaya kacal ta bar masana'anta, aka kai ta cibiyar binciken yanayi ta Kolorado a 1993. Kamfanin da ya kafa don wannan aiki ya karye a 1995.

Yana da shekara 70 ya sake buɗe wani kamfani, SRC Computers. Bai kai ga fitar da na'ura ba, ya yi haɗarin mota a Colorado Springs ranar 22 ga Satumba 1996. Ya rasu ranar 5 ga Oktoba, mako guda bayan cikarsa shekara 71.